Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi: Wa Zai Ɗauki Nauyin Alƙawarin 2060?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙasa, a matsayinsa na shugaban Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi, da sauran 'yan majalisar, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa da fatan alheri.

A watan Nuwamban 2021, a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Glasgow, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗauki alƙawari da sunan dukanmu cewa zuwa shekarar 2060 hayaƙin da Najeriya ke turawa sama, mai ɗumama duniya, ba zai wuce wanda dazuzzukanta da ƙasarta da sauran dabaru ke iya shanyewa ba, wato abin da masana ke kira kai hayaƙi matakin sifili. A cikin watan ne kuma ya sa hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi, wadda ita ce ta haifi wannan majalisa taku. A watan Agustan 2022 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da Shirin Sauya Makamashi, wanda ya ƙiyasta cewa tafiyar za ta ci dala biliyan 410 bayan abin da da ma za a kashe, kimanin dala biliyan 10 ke nan a kowace shekara. Saboda haka akwai doka, akwai majalisa, akwai lissafi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da lissafin bai amsa ba har yanzu, wato wane ne zai fara biya, wane ne zai fara amfana, kuma wane ne aka tambaya kafin a yanke.

Ina so in fara da cewa ba na cikin masu ganin maganar sauyin yanayi shirme ce ta Turawa. Wanda ya san yadda tuddan rairayi ke cin gonaki da gidaje a Yusufari da Yunusari ta Jihar Yobe, ko ya ji daga bakin dattawan Baga inda bakin Tafkin Chadi yake a shekarun 1960 da inda ya koma, ba ya bukatar a kawo masa hujja daga waje. Ambaliyar 2022 ta hallaka sama da mutum 600 ta kuma raba fiye da miliyan guda da muhallansu. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye babban ɓangare na Maiduguri, sannan a watan Mayun 2025 Makwa ta Jihar Neja ta ga nata tashin hankalin na ambaliya. Gaskiya ne ba duk wannan ɓarna ce za a jingina wa yanayi ba, domin akwai sakacin gyaran madatsu da gine-gine a kan hanyar ruwa, kuma bai kamata kalmar sauyin yanayi ta zama mafakar wanda bai yi aikinsa ba. Amma damina ta rikice, wannan kowane manomi ya sani, kuma mu da ke bakin hamada mu ne kan gaba wajen ɗanɗana kuɗarta. Don haka muna da bukatar wannan shiri ya yi nasara fiye da yadda masu rubuta shi suke da ita.

Sai dai a ganina sauya makamashin da ake magana a kansa kamar abin da zai zo nan gaba ya riga ya fara, kuma ya fara ne ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar a jawabin rantsuwa cewa tallafin man fetur ya tafi. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Ban zo in kare tallafin ba. Abin da ya lashe sama da naira tiriliyan 4 a shekarar 2022 kaɗai, wanda mai motoci biyar ya fi mai keke morarsa, wanda kuma wani kaso nasa ke tsallaka iyaka a jarkoki, ba abin da za a yi wa kuka ba ne. Abin dubawa shi ne yadda aka jera matakan. An cire tallafin tukuna, sannan aka shiga neman abin da za a rage wa mutane raɗaɗi da shi. Shirin motoci masu amfani da iskar gas ta CNG ya biyo baya, rabon naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15 da aka yi alƙawari ya biyo baya, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai a watan Yulin 2024, bayan hauhawar farashin abinci ta riga ta haura kashi 40 cikin ɗari. Hausawa na cewa ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari, mu kuwa an zubar mana da namu tun hadarin bai haɗu ba. Idan haka za a bi da sauran matakan da ke gaba, to kafin a kai 2060 talaka zai tsani duk wata magana da ta shafi tsabtataccen makamashi, kuma ba zai zama mai laifi ba.

Bari in tsaya a kan girki, domin nan ne maganar ta fi shafar gidaje masu yawa, nan ne kuma aka fi saurin ɗora wa mara ƙarfi laifi. Akasarin gidajen ƙasar nan, musamman a karkarar Arewa, da itace ko gawayi ko kara suke dafa abinci. Illar hakan ba a ɓoye take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida na kashe kimanin mutum miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma duk wanda ya taɓa ganin uwa tana hura murhu da ɗanyen itace a damina, goye da jariri, idanunta na zubar da ruwa, ya san su wa ake nufi. Shirin Sauya Makamashi ya tsara cewa za a fara mayar da mutane kan gas ɗin girki, bayan 2030 kuma a karkata zuwa girki da lantarki da iskar da ake samu daga kashin dabbobi da shara. A watan Maris na 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan girki mai tsabta. Duk wannan daidai ne a takarda. Amma a 'yan shekarun nan abin da ya faru a zahiri kishiyar haka ne, domin gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa da dama a birane waɗanda suka riga suka saba da gas sun jingine tukunyarsu a lungu sun sayi murhun gawayi, saboda kuɗin cika tukunyar ya fi ƙarfin albashi. Kananzir kuwa, wanda a da shi ne madogarar mai risho, ya daɗe da zama kayan masu hali. Sakamakon shi ne manyan motoci cike da buhunan gawayi da ke shigowa birane dare da rana, da dazuzzukan da ke ƙarewa a bayansu.

Amsar da hukumomi suka fi saurin bayarwa ita ce haramci. A hana sare itace, a kama mai gawayi, a ƙwace gatari. Ina roƙon majalisarku ta yi wa wannan hanya kallon tsanaki. Matar da ke tafiya nisan zango neman itace ba don ƙaunar hayaƙi take yi ba, mai ƙona gawayi kuma yawanci manomi ne da rani ya bari babu sana'a. Idan aka haramta abin da mutum ke dafa tuwo da shi alhali ba a ba shi madadinsa ba, ba za a daina sarewa ba, farashi ne kawai zai tashi, a kuma buɗe wa wasu ƙofar karɓar na goro a shingayen hanya. Abin da ke tsakanin gida da gas sau da yawa shi ne kuɗin farko na sayen tukunya da kan murhu, sai kuma rashin wurin da za a cika kilo ɗaya ko biyu kusa da gida, yadda mace ke sayen gawayin yini guda. Wanda yake son rage sare daji sai ya fara daga nan. Haka kuma bai kamata a raina ingantaccen murhu mai cin itace kaɗan ba don kawai ba ya ƙayatar da mahalarta taro, tunda maƙeranmu da maginan tukwane za su iya yin sa, kuma a ƙauyen da motar gas ba za ta shiga ba nan da shekara goma, shi ne gaskiyar abin da zai rage wa mata wahala. Maganar girki da lantarki kuwa, sai a fara tambayar ina lantarkin.

Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 a mafi yawan ranaku, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 85 ba su da wutar kwata-kwata. Kaso mai tsoka na waɗannan mutane a Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas suke. Mutumin da bai taɓa kunna ƙwan lantarki a ɗakinsa ba, ba shi da hayaƙin da zai rage. Abin da sauya makamashi ke nufi a wurinsa shi ne ya samu makamashin tukuna. A watan Oktoban 2024 akasarin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke ɗauko wuta daga Inugu ta Makurɗi shi ma ya samu matsala. Masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara da asibitoci duk sun ji a jikinsu, aka kuma ga ƙarara cewa yanki guda mai faɗin gaske yana rataye ne a kan layuka ƙalilan. Abin takaicin shi ne yankin da ya fi ko'ina zafin rana a ƙasar shi ne ya zauna jiran wutar da za a turo masa daga nesa. Tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso ta Kano a farkon 2023, da wadda aka yi wa Jami'ar Bayero a 2019, sun nuna abin mai yiwuwa ne, amma idan aka auna su da bukatar unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Bompai da Chalawa kaɗai, ɗigo ne a cikin rijiya.

Gyaran tsarin mulki na watan Maris na 2023 da Dokar Lantarki ta watan Yunin shekarar sun ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu, kuma wannan ci gaba ne. Sai dai akwai haɗari a ciki wanda ban ji ana yawan faɗa ba. Jihar da ke da kuɗin shiga da masana'antu da ƙwararru za ta ja masu zuba jari ta yi gaba, wadda ba ta da su kuma a bar ta da dokar a hannu. Haka tsarin rukunin masu amfani da wuta yake, inda a watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 a kan alƙawarin wutar awa 20 a rana, kafin daga baya a ɗan sassauta. Hikimar ita ce mai hali ya biya cikakken kuɗi, amma abin da ke biyo baya shi ne wuta ta bi kuɗi, unguwar da ba ta iya biya kuma ta koma ƙarshen layi. Ya kamata majalisarku ta nemi a riƙa bayyana, jiha bayan jiha, inda kuɗin shirye-shirye irin na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamban 2023 don ƙananan tashoshin sola ke sauka, domin kamfanin da ke neman riba zai zaɓi garin da ke da kasuwa da tsaro, ya tsallake ƙauyen Zamfara ko na Borno wanda ya fi kowa bukata, sai fa idan an tsara tallafin yadda zuwa can zai biya shi.

Akwai wani wuri da mutane suka riga hukuma gaba, shi ne noman rani. Da man fetur ya yi tsada, manoman shinkafa da tumatir da alkama a Kura da Kadawa da fadamun Haɗeja da Kebbi sun shiga sauya injinan ban ruwansu zuwa gas, masu ɗan ƙarfi kuma suka sayi farantan sola. Babu wanda ya yi musu lacca a kan ɗumamar duniya, lissafin aljihu ne ya kai su. Abin da ke hana sauran shi ne kuɗin farko, kuma rancen da za a biya bayan girbi, ta hannun ƙungiyoyin manoma, zai yi aikin da taron bita ɗari ba zai yi ba. Shi ya sa duk lokacin da aka taso da maganar hana shigo da farantan sola don kare masana'antun cikin gida nake fargaba. Burin yana da kyau, amma idan aka rufe ƙofa kafin masana'antun su iya wadatar da kasuwa a farashin da manomi zai iya, an sake maimaita kuskuren nan na cirewa kafin a tanadi madadi. Haka batun masu a-daidaita-sahu da 'yan acaɓa da direbobin motocin haya yake. An ce su koma gas, amma gidajen sayar da shi sun fi yawa a Kudu da Abuja, bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 kuwa, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020 aka ɗibar masa shekara biyu, ya ci ninkin wa'adinsa ya wuce.

Yanzu sai batun ƙasa, wanda nake ganin shi ne zai fi haddasa rigima idan ba a yi hattara ba. Manyan tashoshin sola da madatsun ruwa da shirye-shiryen dashen itatuwa don sayar da shaidar rage hayaƙi ga kamfanonin waje duk fili suke ci, kuma filin da ake nunawa a taswira a ce daji ne babu kowa, yawanci saurar wani ce, ko makiyayar wani, ko burtalin da shanu suka shekara ɗari suna bi. Muna da tarihi a kan wannan, kuma ba mai daɗi ba ne. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta shanye tsohon garin Busa ta tashi dubun-dubatar mutane, kuma shekaru da dama bayan haka akwai ƙauyuka a gefen tafkin da ke kallon manyan wayoyi na wucewa ta kansu alhali suna kwana da fitilar ƙwai. A wurin aikin madatsar Bakolori, a watan Afrilun 1980, manoman da suka fito neman diyyar gonakinsu sun gamu da harsashi, aka rasa rayuka masu yawa. Madatsun Tiga da Chalawa sun amfani Kano, amma sun sauya yadda ruwa ke malala a dausayin Haɗeja da Nguru, masunta da makiyaya da manoman can suka biya kuɗin da ba a taɓa rubuta shi a kasafin aikin ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, diyyar da take bayarwa kuma ta amfanin gona ce da gini, don haka makiyayi da ba shi da shuka ba shi da katanga, a idon doka kamar bai yi asarar komai ba. Idan za a shimfiɗa farantan sola a kan dubban kadada a jihohin da rikicin manoma da makiyaya ya riga ya ɗaiɗaita, wajibi ne a sa sharaɗi tun yanzu cewa babu aikin da zai samu amincewa sai an zauna da masu amfani da filin, har da waɗanda ba su da takarda, kuma garin da ya ba da filinsa shi ne zai fara samun wutar. Dokar Man Fetur ta 2021 ta ware kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfani ga al'ummomin da ake haƙar mai a yankinsu. Mutanen Neja Delta sun ce ya yi kaɗan, kuma suna da hujja, amma ƙa'idar ta kafu, babu dalilin da zai hana a shimfiɗa irinta ga masu karɓar baƙuncin sabon makamashi.

Haka nan ma'adinan da duniya ke rububi don yin batura. An buɗe masana'antar sarrafa litiyam a Jihar Nasarawa a 2024, ana kuma haƙarsa a wasu jihohin, sau da yawa da hannu, a ramukan da babu mai sa ido. Kada mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Motar lantarki da za ta yi yawo a titunan Turai ba tare da hayaƙi ba, bai halatta a ce yaran ƙauyukanmu ne suka shaƙi ƙurarta ba.

Ba na so a ɗauki wannan wasiƙa a matsayin kukan yanki guda. Mutanen Neja Delta sun ɗauki nauyin tsohon makamashin tun da aka gano mai a Oloibiri a 1956, kuma rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace ƙasar Ogoni kaɗai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Dokar da ta sa wa'adin daina ƙona iskar gas a rijiyoyin mai ta fito tun 1979, wa'adin ya cika a 1984, har yau wutar na ci. A nan ne hayaƙi mai yawa yake, a hannun kamfanoni ƙalilan masu ƙarfi, kuma kashe wannan wuta ba zai hana ko mace ɗaya dafa abinci ba, hasali ma gas ɗin da ake ƙonawa a banza shi ne wanda take bukata. Tsarin da ya matsa wa mai gawayi ya yi wa mai ƙona gas sassauci, kashin dankali ne. Yanzu kuma da manyan kamfanonin waje ke sayar da rijiyoyinsu na kan tudu suna tattara komatsansu, dole a san wanda zai share dattin da aka bari. Mu ma a Arewa abin ya shafe mu kai tsaye, domin albashin malamin firamare a Gumel ko Argungu daga rabon arzikin ƙasa na wata-wata yake fitowa, wanda kuɗin mai ke da babban kaso a ciki, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mun kuma san yadda gari ke zama idan sana'arsa ta mutu babu shiri. Inugu ta gani da kwal ya faɗi bayan jiragen ƙasa sun koma dizal. Kakuri ta gani da masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, har da ta farko da aka kafa a 1957, dubban ma'aikata suka watse, wasu suka rasu suna jiran haƙƙinsu. Shirin Sauya Makamashi, wanda ya yi alƙawarin sababbin ayyuka 340,000 zuwa 2030, ya kamata ya faɗi a wane gari za su kasance, da kuma abin da zai faru da makanikin janareta da mai sayar da mai a bakin titi da direban tanka.

Game da kuɗin waje, shawarata ita ce a rage dogaro da alƙawari. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya, kuma abin da ɗan Najeriya ke fitarwa na iskar kabon daga mai da gas a shekara bai kai tan ɗaya ba, alhali na Ba'amurke ya haura tan 10 nesa ba kusa ba. Adalci ya ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma wakilanmu su ci gaba da faɗin haka a kowane taro. Amma dala biliyan 100 a shekara da aka yi alƙawari a Copenhagen a 2009 ba ta cika a wa'adinta na 2020 ba. Afirka ta Kudu ta samu alƙawarin dala biliyan 8.5 a Glasgow don barin kwal, aka wayi gari mafi yawansa rance ne, a 2025 kuma Amurka ta janye daga yarjejeniyar. A Afirka ta Kudun ma, da aka rufe tashar kwal ta Komati a 2022, hukumar sauyin yanayi ta shugaban ƙasarsu da kanta ta amince cewa an makara wajen tuntuɓar mutanen garin da tanadar musu abin yi. Ƙasar da biyan bashi ke cinye babban kaso na kuɗin shigarta, idan ta ƙara cin bashin dala don rage hayaƙin da ba ita ta tara ba, jikokin talakan da bai samu wutar ba ne za su biya. Don haka duk rancen da za a ci da sunan yanayi, a bayyana sharuɗɗansa ga Majalisar Dokoki da jama'a kafin a sa hannu.

Dokar da ta kafa ku ta ɗora wa Ma'aikatar Muhalli tsara ƙayyadadden adadin hayaƙin da ƙasa za ta fitar a kowane zango, ku kuma ta ɗora muku shirin aiki na shekara biyar-biyar, da kula da Asusun Sauyin Yanayi, ta kuma ba mata da matasa da masu bukata ta musamman kujeru a cikinku, tare da wakilcin gwamnoni da ƙananan hukumomi. Abin da nake roƙo bai fita daga wannan hurumi ba. Duk matakin da zai ƙara wa mutane tsadar mai ko wuta ko girki ko sufuri, ciki har da harajin hayaƙi da dokar ta ambata, kada ya fara aiki sai an buga bayanin wanda zai biya da wanda zai amfana, an kuma nuna cewa madadin ya isa hannun mutane, a ƙidaya shi da tukwanen gas da injinan ban ruwa da gidajen da aka haɗa da wuta, jiha bayan jiha. Asusun kuma a riƙa buga abin da ya shiga da abin da ya fita duk shekara.

Sannan a fito da maganar daga otal-otal na Abuja. Takardun shirin nan da Turanci suke, Turancin ma na masana, alhali waɗanda za su sauya yadda suke girki da noma da sufuri suna sauraron rediyo ne da Hausa da Fulatanci da Kanuri da Yarbanci da Ibo da Tibi da Ijo. Ina roƙon a fassara shirin aiki na gaba zuwa manyan harsunan ƙasar nan tun yana daftari, a karanta shi a gidajen rediyon jihohi, a kuma yi zaman sauraron jama'a aƙalla sau ɗaya a kowace mazaɓar sanata, inda za a gayyaci ƙungiyoyin manoma da makiyaya da direbobi da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago da mata masu sana'ar abinci, tare da sarakuna da malaman addini, a rubuta abin da suka faɗa, a kuma buga amsar da majalisarku ta ba kowane ƙorafi kafin a kai daftarin gaban Majalisar Zartarwa.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani ɗan ƙasa daga Kano